Layi Biyu a Ƙasan Allo: Ido ne Ke Koyon Japananci ko Kunne?

Akwai wata dabara da ta yaɗu a tsakanin masu koyon Japananci, musamman waɗanda ba su da malami a kusa. Mutum zai kunna fim ɗin Japan, ya sa rubutu iri biyu su riƙa fitowa a ƙasan allo lokaci guda: layin sama maganar 'yan wasan ce da rubutun Japan, na ƙasa kuma fassararta da harshen da mai kallon ya iya. Manhajoji irin su Language Reactor, wadda ake liƙa wa burauzar Chrome ta yi aiki da Netflix da YouTube, sun sauƙaƙa abin matuƙa. Ka taɓa kalma ta ba ka ma'anarta, ka danna maɓalli ɗan wasa ya maimaita abin da ya faɗa, in ka ga dama ma ka sa fim ɗin ya riƙa tsayawa da kansa bayan kowace jimla. Masu son dabarar suna cewa ba a taɓa samun hanyar koyon harshe mai daɗi da amfani irinta ba. Masu sukarta kuma, cikinsu har da malaman harshe, suna cewa yaudarar kai ce kawai: mutum ya raba dare yana karanta fassara, ya kwanta da zaton Japananci ya ji.

Gardamar ba ta banza ba ce, domin lokacin mutum ake magana a kai. Cibiyar da ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Japananci a rukuni mafi wuya, tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci, ta kuma ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar sa'o'i kusan 2,200 a aji kafin ya iya aiki da shi. Faransanci bai kai rabin haka ba. Wanda zai zuba ɗaruruwan sa'o'i a gaban allo, ko don yana neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, ko don aiki, ko don son anime kawai, ya cancanci a gaya masa gaskiya: shin sa'o'in nan suna shiga lissafi, ko kuwa iska ce ke kwashe su?

Magoya bayan dabarar suna da babban malamin da suke jingina da shi, wato Stephen Krashen, masanin harshe na Amurka wanda ra'ayinsa ya yi tashe a shekarun 1980. A ganinsa ba haddar ƙa'idojin nahawu ke sa harshe ya zauna a kan mutum ba. Abin da ke sa shi zama shi ne mutum ya yi ta jin magana yana fahimtarta, da yawa, cikin kwanciyar hankali, ba tare da fargabar jarrabawa ko tsoron kuskure ba. To fim ɗin Japan ga sabon ɗalibi hayaniya ce zalla, ba ya tsintar komai. Layin fassara ne ke mai da hayaniyar ta zama magana mai ma'ana, layin Japananci kuma ya nuna masa inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Ga murya, ga fuska, ga rubutu, ga ma'ana, duk a wuri ɗaya. Wane littafi ne zai iya ba ka wannan?

Suna kuma da hujjar da ba ta buƙatar wani masani ya tabbatar da ita, kuma ni ina ganin nauyinta. Masu fara Japananci suna da yawa, masu ɗorewa kaɗan ne. Littafin nahawu yana gundurar mutum cikin 'yan makonni, amma wanda labari ya kama shi zai dawo gobe da kansa. Hanyar da ba ta cika inganci ba amma ana bin ta kullum ta fi hanya mai inganci da aka watsar. Sannan layi biyu ba wani baƙon abu ba ne da idon ɗan Adam ya kasa ɗauka. A gidajen sinima na birnin Brussels ana nuna finafinan waje da Faransanci da Holanci tare, a Finlan da Finlanci da Suwidanci, finafinan Hong Kong kuwa sun yi shekara da shekaru suna fitowa da Sinanci da Turanci a ƙasa. Jama'a suna kallo, ba wanda kansa ya juye.

Sai dai wannan misalin na ƙarshe, in aka duba shi da kyau, masu suka yake taimaka wa. Mutumin Brussels ba layi biyu yake karantawa ba. Nasa yake karantawa, ya bar wa maƙwabcinsa ɗayan. An sa layukan ne don mutum biyu, ba don mutum ɗaya ya haɗa su ba. A nan ne masu suka suke ɗora tambayarsu mafi ƙarfi: idan aka ajiye wa ido rubutu biyu, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai wuya, kuma aka ba shi daƙiƙa biyu ko uku, wanne zai kama?

An daɗe da fara amsa wannan tambaya. Géry d'Ydewalle da abokan aikinsa a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun yi amfani da na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido, suka gano cewa karanta rubutun ƙasan allo abu ne da ido ke yi da kansa ba tare da neman izinin mai shi ba. A wani gwaji da suka wallafa a 1991, Amurkawa masu kallon fim na Turanci, waɗanda ba su da buƙatar rubutun ko kaɗan, sai da idanunsu suka riƙa saukowa kansa. Ke nan niyya ba ta isa ba. Mutum zai iya ɗaura aniyar cewa Japanancin zai kalla, fassarar sai in ya maƙale, amma kafin ya ankara ido ya riga ya karanta ta. Da zarar ma'ana ta iso ta wannan ƙofar kuwa, kunne ya huta, don an riga an yi masa aikinsa.

Akwai gwaje-gwaje biyu da suka auna abin da wannan hutu ke jawo wa kunne. A 2009, Holger Mitterer da James McQueen na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen sun sa ɗalibai 'yan Holan kallon Turanci mai karin da ba su saba ji ba: wasu suka kalli wani yanki na Trainspotting mai Turancin Sikotlan, wasu kuma Kath & Kim mai Turancin Ostireliya. Bayan kallo aka kunna musu guntayen magana, aka ce su maimaita. Waɗanda suka kalla da rubutun Turanci sun fi kowa iya kama sababbin kalmomin da ba su fito a yankin da suka kalla ba, wato kunnensu ya saba da karin. Waɗanda suka kalla da fassarar Holanci kuwa, a kan sababbin kalmomin nan, sun gaza hatta waɗanda suka kalla babu rubutu sam. A 2016 aka yi makamancin gwajin a Barcelona da wani kashi na Downton Abbey, aka kuma samu sakamako mai kama da wancan: rubutun Turanci ya fi ƙara wa ɗalibai ƙarfin ji, kallo babu rubutu ya ƙara kaɗan, fassarar Sifaniyanci ba ta ƙara komai ba.

Daga nan masu suka suke juyowa kan Krashen ɗin da aka dogara da shi. Sharaɗinsa shi ne maganar da ɗalibi ke ji ta ɗara matakinsa da kaɗan, yadda zai fahimce ta daga cikinta. Fassara ba ta cika wannan sharaɗi, domin labarin take fahimtar da kai, ba harshen ba. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, amma a zuciyar mai kallo ɗanɗanonsu ɗaya ne, shi ya sa ruɗin yake da wuyar ganewa. Mutum ya yi dariya a inda ake dariya, ya ji tausayi a inda ake kuka, ya tashi da jin cewa ya bi kowace magana. Ya bi kuwa, amma da Turanci ko Faransanci ya bi.

Magoya baya ba su rasa amsa ba. Suna cewa, kuma gaskiyarsu ce, waɗannan gwaje-gwaje layi ɗaya suka auna, ba biyu ba, kuma a kan mutanen da suka riga suka yi nisa a Turanci, masu amfani da haruffa iri ɗaya da na harshen da suke koyo. Da aka zo auna layi biyun kansu, sakamakon bai fito baƙi ƙirin ba. Andi Wang da Ana Pellicer-Sánchez sun wallafa wani bincike a 2022 kan ɗalibai 'yan Sin masu koyon Turanci, inda suka ga cewa masu kallo da layi biyu sun fi masu layin Turanci kaɗai riƙe ma'anar sababbin kalmomi. Amma binciken bai bar masu suka hannu rabbana ba: na'urar bin ido ta nuna ɗaliban sun fi daɗewa a kan fassarar fiye da kalmar Turancin, kuma wajen gane siffar kalmar kanta masu layi ɗaya ne suka yi gaba. Kowane ɓangare ya samu abin riƙewa. Layi biyu yana koyar da ma'ana, yana kuma jan ido zuwa inda aka yi tsoron zai tafi.

Duk wannan a kan Turanci ne. Japananci yana da wani al'amari da ke sauya lissafin gaba ɗaya, kuma a nan ne nake ganin gardamar ta fi cancantar a tsaya mata, wato rubutunsa. Ana haɗa iri uku a jimla ɗaya: hiragana da katakana, kowanne da haruffa 46 na asali masu wakiltar gaɓoɓin sauti, sai kanji, alamomin da aka aro daga Sinanci. Yaron Japan yana koyon kanji 1,026 a shekaru shida na firamare, jerin waɗanda gwamnati ta ware don amfanin yau da kullum kuma, tun sabuntawar 2010, ya kai 2,136. Ba a barin fili tsakanin kalma da kalma. Kanji ɗaya kuma yana iya samun karatu biyu ko uku ko fiye, ya danganta da abin da ke gefensa. Mai koyon Sifaniyanci zai iya furta layin da bai gane ba tun ranar farko. Mai koyon Japananci zai iya kallon layi har ya ɓace bai san ko da sautin harafin farko ba.

Ga masu suka wannan ya kashe magana. Masu fassara finafinan waje a Japan, sana'ar da ta faro da wani fim mai suna Morocco a 1931, suna bin wata tsohuwar ƙa'ida: haruffa huɗu a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne abin da suka ga Bajapane baligi, wanda ya tashi da kanji, zai iya karantawa yana kuma kallon hoto. Layin Japananci da ke bin fim ɗin Japan kuwa ba a taƙaita shi haka, bakin ɗan wasa yake bi, sau da yawa da saurin da ya wuce wannan ƙa'ida. To ina ga ɗalibin da bai wuce kanji ɗari ba? A wurinsa layin sama ado ne. Sunan abin layi biyu, amma a aikace layi ɗaya yake da shi, kuma shi ne wanda gwajin Nijmegen ya nuna yana danne kunne.

Amma ga ɗalibin da ya yi nisa kaɗan, wannan wahalar kanta ita ce babbar hujjar magoya baya. Wanda ya taɓa zama da littafin Japananci ya san takaicin ganin kalmar da ya san ma'anarta amma bai san yadda ake furta ta ba, ko jin kalmar da ya sani a takarda ta wuce kunnensa bai gane ta ba. Littattafan yara suna ɗora ƙananan haruffa, furigana, a saman kanji don nuna karatunsa, amma rubutun manya ba kasafai yake yin haka ba. A fim, ɗan wasa ne furigana ɗinka: kana ganin kalmar, yana karanta maka ita, da karin sautinta da saurinta na gaske. Harshen yana kuma cike da kalmomi masu sauti ɗaya da ma'ana daban, waɗanda kanji ne ke rarrabe su. Babu wani kayan karatu da ke ɗaura sauti da rubutu da irin wannan yawa da sauƙi. Sai dai a lura: layin sama ne ke wannan aikin, ba na ƙasa ba.

Akwai kuma matsalar jeri. Japananci yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, korewa ma a wutsiyar aikatau take. Bahaushe zai ce gobe ba zan je Osaka ba, tun daga "ba" ta farko ka san inda aka dosa. Bajapane zai ce ashita Osaka e ikimasen, wato gobe, Osaka, zuwa, sannan tafiyar, sai a gaɓar ƙarshe ka san ba za a yi ta ba. Idan jimla ta yi tsawo har aka raba ta gida biyu a allo, abin da fassara ta faɗa a kashin farko sau da yawa yana kashi na biyu a Japanancin. Ɗalibin da ke ƙoƙarin haɗa kalmar sama da ta ƙasa zai yi ta haɗa aure tsakanin kalmomin da ba su san juna ba. Ƙari a kan haka, mai fassara ba don ɗalibi ya yi aikinsa ba. Don mai kallo ya yi, saboda haka yana taƙaitawa, yana cike wakilin sunan da Japananci ya saba bari a ɓoye, yana musanya barkwanci da wanda zai ba masu karatunsa dariya. Wasu manhajojin suna ba da fassarar na'ura mai bin kalma da kalma, amma ita kuma takan ɓata a daidai inda Japananci ya bar wa mai sauraro ya gane wa ake nufi.

Masu suka sukan kawo wani fage daga Kimi no Na wa, fim ɗin Makoto Shinkai na 2016, don nuna gazawar fassara. Yarinyar ƙauye Mitsuha ta farka a jikin wani yaron Tokyo mai suna Taki, tana zaune da abokansa, sai ta kira kanta da watashi, suka bi ta da kallo. Ta gwada watakushi, ta gwada boku, sai da ta kai ga ore, kalmar da samari ke kiran kansu da ita a tsakaninsu, sannan suka gyaɗa kai. Duka huɗun "ni" suke nufi, Turanci kuwa kalma ɗaya gare shi. Gaskiya ne fassara ta gaza a nan. Amma ni ina ganin misalin ya kuɓuce wa masu kawo shi, domin wanda ke da layin Japananci a sama shi ne kaɗai zai ga kalmomi huɗu daban a inda fassara ke fama da ɗaya, ya tsaya ya tambayi dalili. Saɓanin layukan biyu darasi ne, in an tsaya a kansa.

Irin wannan darasi shi ne abin da fim ya fi littafi da shi, kuma ba na son a raina shi. Japananci harshe ne da ke sauya siffa gwargwadon wanda kake magana da shi: akwai salon ɗaukaka wanda ake girmamawa, akwai na ƙanƙan da kai, akwai na ladabi na gama-gari, duk a ƙarƙashin abin da suke kira keigo. Littafi zai jera maka su a jadawali. Amma ka kalli Tokyo Monogatari na Yasujiro Ozu, na 1953, inda wasu tsofaffi mata da miji suka taso daga Onomichi don ziyartar 'ya'yansu a Tokyo. 'Ya'yan cikinsu sun shagala da harkokinsu, sai Noriko, matar ɗansu da yaƙi ya ci, ita ce ta ɗauki hutun aiki ta zaga da su gari. Ka saurari yadda Noriko ke magana da surukanta, ka kwatanta da yadda 'yarsu Shige ke yi musu magana kai tsaye. Bahaushe da ya san kunyar suruki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, zai gane abin da ke gudana tun daga zaman da saukar da murya. A layin fassara matan biyu kusan magana ɗaya suke yi. A layin sama ne tazarar take fitowa fili.

Da wannan ake amsa wani ƙorafi da ake yawan yi, cewa Japanancin fim ba na mutane ba ne. Akwai gaskiya a ciki. Satoshi Kinsui, wanda ya koyar a Jami'ar Osaka, ya fitar da littafi a 2003 kan abin da ya kira yakuwarigo, wato salon maganar da marubuta ke liƙa wa kowane irin mutum don a gane shi nan take: tsohon masani da nasa, 'yar masu kuɗi da nata, samurai da nasa, ko da babu mai magana haka a titi. Jaruman anime suna jifan juna da omae da kisama, kalmomin da in ɗalibi ya faɗa wa malaminsa ya yi rashin kunya babba. Shichinin no Samurai na Akira Kurosawa, na 1954, gagarumin fim ne, amma labarin ƙarni na 16 ne, ana ihu ana gurnani, har Japanawa kan yi kukan cewa da ƙyar suke tsintar wasu maganganun. Sai dai wannan matsalar zaɓen fim ce, ba ta layi biyu ba. Wanda ke son maganar gida ta yau ya nemi finafinan Hirokazu Kore-eda, irin su Manbiki Kazoku da ya ci babbar kyautar Cannes a 2018. Mai farawa kuma ya nemi Tonari no Totoro na Hayao Miyazaki, na 1988, inda yara biyu da mahaifinsu ke magana gajeriya a fili.

Ƙorafin da zaɓen fim ba ya magancewa shi ne na baki. Merrill Swain ta yi nazarin yaran Kanada masu jin Turanci da aka koyar da su darussa da Faransanci shekara da shekaru. Sun ƙware a ji da karatu, amma in suka buɗe baki nahawunsu bai kai na 'yan asalin harshen ba. A 1985 ta kafa hujja da wannan cewa ji kaɗai ba ya isa, sai mutum ya yi ƙoƙarin faɗa, ya maƙale, ya gano abin da bai sani ba. Mai kallon fim ba ya maƙalewa, don ba wanda ke jiran amsarsa. Jarrabawar Japananci ta JLPT ma, mai matakai biyar daga N5 zuwa N1, ba ta gwada magana, saboda haka mutum zai iya riƙe takardar shaida giɓin yana nan ba a gano shi ba.

Mu a nan muna da abin cewa a wannan gardama, domin mun ga koyon harshe daga fim da idonmu. Shekaru da dama Hausawa suna kallon finafinan Indiya ba tare da fassara ba, har aka samu masu jin Indiyanci gwargwado ba su taɓa shiga aji ba. Abin da ya kai su ga haka shi ne maimaici da tilas: fim ɗaya a kalle shi sau da yawa, kuma babu wata ƙofar ma'ana sai kunne da ido. Da fassarar murya irin ta Algaita ta zo, fahimtar labari ta cika, amma Indiyancin ya fita daga kunne. Muna kuma da wata riba da mai Turanci ba shi da ita. Japananci yana bambanta dogon wasali da gajere, kamar obasan, gwaggo ko inna, da obaasan, kaka. Yana ninka baƙi, yana kuma rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya. Duk waɗannan kunnen Bahaushe ya tashi da su. Asara ce mai irin wannan kunne ya bar shi zaune ido na aiki. Asarar kuma ta fi yawa a wurinmu, tunda da wuya a samu fim ɗin Japan mai fassarar Hausa a ƙasa. Layin ƙasan Turanci ne, ko Faransanci ga ɗan Nijar, ko Larabci, wato harshe na uku da shi ma yake cin nasa kason na hankali.

Idan ana neman inda aka daɗe ana koyar da harshe da layi biyu cikin nasara, a leƙa zauren malam. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Risala, ya karanta Larabcin da bakinsa, malam ya fassara masa gaɓa-gaɓa. Ga asali, ga fassara, a jere. Amma a duba sharuɗɗan: karatun yini 'yan layuka ne, ɗalibi ne ke furtawa, ba a wucewa sai an gane, sannan ya koma gida ya yi bita shi kaɗai babu mai fassara masa. Fim ɗin da ke gudu na tsawon sa'a biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma ko a zauren, da duk wannan tsari, mun san mutanen da suka sauke littattafai amma hira da Balarabe tana ba su wuya, abin da ke gaskata maganar Swain.

Saboda haka ni ba na bin kowane ɓangare har ƙarshe, amma ba rabin-da-rabi nake ba su ba. Game da sabon ɗalibi, masu suka ne ke da gaskiya, kuma abin da ke damuna shi ne shi aka fi tallata wa dabarar. Wanda bai zauna da hiragana da katakana ba, bai tara 'yan ɗaruruwan kalmomi ba, ya kalli finafinansa don nishaɗi da ƙarin sha'awa, hakan ma riba ce, amma kada ya lissafa su a sa'o'in karatu. Karatunsa yana cikin Genki, ko Minna no Nihongo, ko Irodori da Gidauniyar Japan ke bayarwa kyauta a intanet. Game da wanda ya wuce nan, wanda yake gane rabin layin sama ko fiye in an tsayar masa, magoya baya ne ke da gaskiya, da sharaɗin ya daina kallo ya koma aiki.

Aikin kuwa ba shi da kyan gani kamar yadda ake nuna shi. Ya kalli fim ɗin sau ɗaya da fassara don labarin ya daina jan hankalinsa. Sannan ya ware fage guda na 'yan mintuna, ya saurare shi babu rubutu, ya sake da layin Japananci kaɗai, ya ɓoye fassarar, tunda manhajar tana ba da damar haka, sai in ya yi ƙoƙari ya gaza ya buɗe ta. Ya tsayar, ya tariyo, ya bi ɗan wasan da bakinsa har sai numfashinsu ya zo ɗaya. Fage na minti uku zai iya cin sa'a guda. Na san da yawa daga cikin waɗanda daɗin abin ya jawo za su ga wannan ya kashe daɗin, kuma ba na musun cewa ga wanda zai watsar da harshen gaba ɗaya in aka hana shi kallonsa mai sauƙi, gara ya ci gaba da kallon. Amma ko shi ya kamata ya san matsayinsa, kuma sanin ba shi da wuya. Ya ɗauko fagen da ya kalla makon jiya, ya kashe layukan biyu, ya ɗauki takarda da biro ya rubuta abin da ya ji. Idan jimloli suka fito, ko da da kurakurai, ya ci gaba da yadda yake yi. Idan gaisuwa da sunayen mutane kawai suka fito, ya ɓoye layin ƙasa daga wannan zaman, ya kuma rage tsawon abin da yake kallo.